Da Safe Kyaftin, Da Azahar Kurtu

A unguwar da ke bayan tashar jiragen ruwan yaƙi ta Norfolk, wanda bai san fuskar Thurman Gaskins ba ya san muryarsa. Mai guga ne a shagon wankin Misis Abellera, inda sojojin ruwa ke jibge kakinsu. Gajere ne mai tumbi, da sanƙo kamar an shafe shi da mai, bakinsa kuwa ba ya hutawa sai in yana tauna. Ka kawo riga ɗaya, ka tafi da labarin yaƙi uku kyauta. A faɗarsa shi tsohon kyaftin ne, ya tuƙa jirgin da ya fi titin unguwar tsawo, gugar nan da ake gani kuwa yana yi ne kawai don kada hannu ya mutu. Gaskiyar magana, ruwa mafi zurfi da Thurman ya taɓa shiga shi ne na bahon wankansa, shi ma sai ya riƙe gefe.

Abin da ya tsaya masa a rai Verlene Askew ce, mai gidan abincin da ke kwanar titi, wadda mijinta ya rasu a teku shekarun baya. Kullum ya je cin abincin rana sai ta ƙara masa yankan burodin masara ba tare da ya roƙa ba. Wannan yankan burodi Thurman ya ɗauke shi rabin alkawarin aure. Matsalar ita ce akwai wani dogon tsoho mai gashin baki, Cif Alphonse Pettaway, wanda ya yi aikin sojan ruwa na gaske har ya yi ritaya. Shi ma kujerarsa na nan a gaban kantar Verlene, yana shan kofi ɗaya tun safe har rana. Thurman ya dubi hoton marigayi a bango cikin kaki, ya dubi Cif, ya haɗa lissafinsa: matar nan kaki take so.

Wata Laraba a tsakiyar Oktoba, Cif ya juyo da kujerarsa.

"Kyaftin, ranar Asabar fa taron ƙungiyarmu ta tsofaffin sojojin ruwa. Da safe a jefa furanni a ruwa don waɗanda suka tafi, da rana a ci ƙaguwa, da dare a yi rawa. Muna fatan babba irinka zai zo cikin kaki. Ko asu ya cinye?"

"Kaki?" Thurman ya ajiye cokali. "Wanne daga ciki, Cif? Kai da ka ƙare aiki da kala biyu. Ni in na buɗe akwatina sai ka nemi kujera."

"Ai ina kan kujera."

"To ka riƙe ta da kyau."

Verlene tana goge kanta ta ce, "Thurman, ka sa rigarka ta zuwa coci kawai ka zo. Tana yi maka kyau."

Wani mai hankali da ya ji ya gode. Thurman kuwa sai ya ji kamar an ce masa bai isa ba. Nan take ya ƙudura a ransa: ranar Asabar zai shigo cikin kakin da zai sa Cif ya zama kamar mai gadin kasuwa, kuma kafin rana ta faɗi zai durƙusa gaban Verlene a idon kowa ya nemi aurenta.

Sa'a ta zo masa, ko kuma abin da ya ɗauka sa'a ce. Misis Abellera za ta bikin jikarta a wani gari, ta bar masa mabuɗi. Ya tsaya tsakiyar shago ya dubi layin hanga. Fararen kaki ne ko'ina, sun cika layi har suna taɓa ƙasa, baƙaƙen kuwa ana ta zuwa ana kwashewa.

"Ka gani," ya ce wa dutsen gugarsa. "Duk gari farare ake kawowa. Su ake yayi ke nan. Mai ido ba sai an faɗa masa ba."

Shekara da shekaru yana guge kakin nan, ya san inda kowane kari yake kwanciya, amma bai taɓa tambayar dalilin da ya sa farare ke taruwa a Oktoba ba kuma ba mai gaggawar karɓa.

Ya zaɓo na wani kyaftin, mai doguwar kwala da ke tsaye a wuya, da igiyoyin zinariya huɗu a kafaɗa. Hula da takobi ya samo a shagon gwanjon kayan soja, ya haɗa da lambobin yabo cike da tafin hannu, ya zaɓi waɗanda launinsu ya fi ɗaukar ido. Farin takalmi ne ya gagara. Sai ya ɗauko baƙin takalminsa da ragowar fentin bangon ɗakin girki, ya shafa masa har hawa biyu.

Ranar Asabar da hantsi ya makara da gangan, don babba ba ya riga jama'a. Da ya ɓullo ta kan ciyawar bakin ruwa sai ya ga mutane sun jeru tsit, tsofaffi da masu aiki yanzu, kowa cikin baƙin kakin nan wuluk da su suke kira shuɗi. Shi kaɗai fari fat, kamar an jefa ƙwai cikin buhun gawayi. Kwalar ta shaƙe shi har idanunsa sun firfito. Raɓa kuma ta jiƙa fentin, duk inda ya taka sai ya bar farin sawu a baya, tun daga bakin titi.

Wata siririyar hafsa mai igiya uku a hannun riga, Kwamanda Hollowell, wadda aka gayyato ta yi jawabi, ta ga igiya huɗu ta ƙame ta sara masa. Thurman ya rataye takobinsa a dama maimakon hagu, hannun daman na riƙe da shi kada ya faɗi, sai ya mayar mata da hagu. Ta sauke hannunta a hankali.

"Yallaɓai, farare?"

"Da idonki kike gani."

"An koma baƙaƙe tun farkon wata."

Cif ya matso, gashin bakinsa na rawa. "Ranki ya daɗe, ki yi masa uzuri. Ko kurtun da ya shigo jiya ya san farare na lokacin zafi ne, da Oktoba ta kama sai a kai wanki a adana. Amma Kyaftin ya daɗe a manyan tekuna, can babu kalanda."

A nan Thurman ya gane abin da ya tara farare a shago. Amma bakinsa bai jira shawara ba.

"Wannan doka ta ƙananan hafsoshi ce. Mu manya sai mun ji sanyi a jikinmu muke canjawa."

Iskar teku ta hura, haƙoransa suka fara kaɗawa.

"Wannan lambar fa?" Cif ya ɗora yatsa a ƙirjinsa. "Ta yaƙin Koriya ce. An gama yaƙin nan ba a haife ka ba."

"Daga baya aka ba ni."

"Don me?"

"Sirrin gwamnati ne, Cif. Bai kai matsayinka ba."

Wani tsoho mai sanda a layin baya ya ce, "Wannan ta gefen kuma ta ma'aikatan jinya ce!"

"Na yi jinyar!" Thurman ya mayar masa. "Wa kake tsammani ya yi?"

Verlene na tsaye gefe cikin baƙar riga, ba ta yi dariya ba. Thurman ya ga haka ya ce a ransa, ta ga girma, baki ya mutu.

Aka busa begila. Cif ya ɗaga murya ya ce tunda Allah ya kawo wanda ya fi kowa igiya, shi ya dace ya jefa furannin. Aka miƙa wa Thurman babban zoben furanni, aka nuna masa dandamalin katako da ke shawagi a kan ruwa, ɗaure da gaɓa. Ya taka da ƙarfi kamar mai shiga gidansa. Yana kaiwa tsakiya wani ƙaramin jirgi mai jan manyan jirage ya wuce can nesa, igiyar ruwansa ta iso, dandamali ya ɗan yi sama ya yi ƙasa.

Shi ke nan. Fuskar Thurman ta canja launi. Takobi ya shige tsakanin ƙafafunsa, sai ga kyaftin a rarrafe, gwiwoyi cikin gansakuka.

"Ku tsayar da jirgin!"

"Ba jirgi ba ne, Kyaftin," in ji Cif. "Ɗaure yake da ƙasa. Ga yara can suna kamun kifi a kai."

"Na sani! Ƙusoshin nake dubawa! Wa ya yi wannan aikin banza?"

Ya rufe ido ya wurga furanni iya ƙarfinsa. Hularsa ce ta tafi teku. Furannin suka dawo suka sauka a gabansa. Sai Kwamanda ce ta taka a natse, ta ɗauka ta jefa, ta sara, sannan ta kamo shi ta kwala ta jawo shi tudu kamar buhun wanki. Yana miƙewa wani farin tsuntsun teku ya wuce ta samansa ya sako kashi, ya ƙara masa igiya ta biyar a kafaɗa.

"An ƙara maka girma," in ji tsoho mai sanda.

Thurman ya kakkaɓe gwiwa, gansakukar ta ƙara bazuwa. "Kun ga kakin safe ke nan. Ku jira na rana."

Ya bi farin sawunsa ya koma shago.

Yanzu ya gano sirrin: baƙaƙe ake sawa. Sai dai baƙaƙen hafsoshi duk masu su sun karɓe, ga su can a jikinsu. Abin da ya rage a layi na wani kurtu ne: riga mai faffaɗar kwala da ke kwance a baya, da baƙin ƙyallen wuya, da wando mai buɗaɗɗen ƙafa, wanda gabansa wani murfi ne mai maɓalli goma sha uku. Thurman ya sha guge irinsa, bai taɓa sawa ba. Ya ja numfashi, ya tura tumbi ciki, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana zagin wanda ya ƙirƙiro su. Da ya gama ko sunkuyawa ba ya iya yi. Ya dubi madubi ya ce ai ko a haka ya fi Cif.

Ana cin ƙaguwa a filin bayan zauren ƙungiya. An shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebura, an zube ƙaguwa ja-ja-wur da yaji, kowa na dukan tasa da 'yar gudumar katako. Kuma kowa, har Kwamanda, ya tuɓe kaki ya sa tsohuwar riga, don ba mahaukacin da ke fasa ƙaguwa cikin kayan fareti. Sai ga Thurman ya shigo yana tafiya kamar an ɗaure shi da katako.

Gudumomi suka tsaya.

Cif ya goge hannu a jarida. "Ikon Allah. Da safe kyaftin, da azahar kurtu. Ɗan'uwa, me ka aikata a hanya? Ko jirgin da ya nutse ba ya sauka da wannan saurin."

"Ƙanƙan da kai ne, abin da ba ka sani ba. Na tuna farkon aikina."

"To ka zo daidai. Kurtu, ɗauko mana ƙanƙara!"

"A kawo kujeru, kurtu!" in ji wani.

"Kurtu, shara ta cika!"

Thurman ya yi kamar bai ji ba, ya samu wuri kusa da Verlene da matan cocinsu, ya zauna a gefen benci da dabara. Verlene ta dube shi sama da ƙasa.

"Thurman, ina rigarka ta coci?"

"'Yar'uwa Verlene, soja ba ya zaɓar abin da zai sa. Lokaci ne ke zaɓa masa."

"To lokacin nan ba ya ƙaunarka," in ji wata tsohuwa mai faffaɗar hula.

Don ya nuna shi ɗan teku ne, ya ce a ƙaro masa yaji, wai a jirginsu da wannan suke shan shayi. Ya ci ƙaguwa biyu, hawaye suka zubo. Ya kama tulun shayi mai ƙanƙara ya yi ta ɗurawa, kofi na bin kofi, yana ba matan labarin yadda ya taɓa kama kifin da sai da aka yanka shi gida biyu kafin ya shiga teku. Ana tsakiyar labarin shayin ya gama zagayensa ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Ban-ɗaki ɗaya ne a zauren, da layin tsofaffi a gabansa, kowane da nasa jinkirin. Thurman ya tsaya yana musayar ƙafa.

"Ku ba babba hanya!"

"Wane babba?" in ji tsoho mai sanda, wanda shi ne a gabansa. "Kurtu a baya yake tsayawa. Da ka zo da kayan safe da mun duba."

Da layi ya zo kansa ya faɗa ciki ya rufe. Sai ga shi ga maɓalli goma sha uku, ga yatsu sun sha man ƙaguwa suna santsi, ga tumbi ya ƙara cika ya ɗaure kowane maɓalli tam. Na farko ya buɗe. Na biyu ya ƙi. Waɗanda ke waje suka ji yana roƙon maɓalli, sannan yana yi masa barazana da kotun soja, sannan suka ji wani ƙyat! da ƙarar ƙananan abubuwa suna tsalle a kan siminti. Ɗaya ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofa ya tsaya a gaban sandar tsoho.

"Wannan ya gudu daga aiki," in ji tsohon.

Thurman ya tsira da mutuncinsa na ciki, amma murfin wando ba abin da zai riƙe shi. Ya kwance baƙin ƙyallen wuyansa ya ɗaure ƙugu da shi, ya fito yana tafe a karkace, hannu ɗaya a gaba. Hanyar fita kuwa sai ta gaban teburin matan coci. Yana daidai wurin Kwamanda ta miƙe za ta wuce, Cif ya daka tsawa irin ta fareti:

"Kurtu! Hafsa a gabanka!"

Jikin Thurman ya amsa kafin kansa. Ya ƙame ya sara da hannun da ke riƙe da wando. Murfi ya faɗo, sai ga gajeren wando mai zanen 'ya'yan kankana yana gaida jama'a. Tsohuwa mai faffaɗar hula ta kira sunan Ubangiji ta rufe fuska da jarida, amma ta bar wurin ido.

"Ba a sara wa wanda ba ya cikin kaki," in ji Kwamanda, ba ta ko murmusa ba. "Kuma ba ka da hula."

"Gwada ku nake!" Thurman ya tattare wando ya ranta a na kare. Daga bakin ƙofa ya waiwayo. "Saura na uku! Wanda ya ga na uku zai yi shiru!"

A shago ya tsaya yana haki. Farare sun ci amanarsa, na kurtu sun tona masa asiri. Sai idonsa ya faɗa kan wata leda can ƙarshen layi. Ya zuge, ya ga abin da ya sa ya manta duk wahalarsa: kayan liyafar dare na hafsa. 'Yar gajerar baƙar kwat da ta tsaya a ƙugu, igiyoyin zinariya uku a hannu, ɗamara ruwan zinariya, maɓallai suna walƙiya. Baƙi ne, ba mai cewa ya saɓa lokaci. Na hafsa ne, ba mai aikensa ɗauko ƙanƙara. A hangar dai akwai wani dogon siket maimakon wando.

"Misis Abellera tsufa ya fara," ya ce. "Kullum sai ta haɗa kayan mutane."

Ya ajiye siket, ya zaro baƙin wandon wani, wanda ya tsaya masa a ƙwauri. Kwat ɗin ta matse shi a kafaɗa, ta yi masa yawa a ƙirji ta wata irin hanya da bai tsaya bincike ba. Ya ɗaura ɗan ƙyallen wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, ya tsinko furanni daga tukunyar ƙofar maƙwabta, ya kama hanya da la'asar sakaliya, rana na dukan zinariyarsa.

Kayan da ba a sawa sai an kunna fitilu an jera cokula, su Thurman ya shigo da su tsakiyar ɓawon ƙaguwa da ƙudaje. Wannan karon ba wanda ya yi magana, don dariya ta riga ta toshe maƙogwaro. Shi kuwa ya ɗauka alkawarinsa ne ya cika.

"Na ce za ku yi shiru."

"Kwamanda kuma yanzu," Cif ya samu ya ce. "Ka hau, ka sauka, ka tsaya a tsakiya. Ɗan'uwa, lif ɗin hawa bene ne kai? Kuma wa ya ce maka dare ya yi?"

"Babba ba ya jiran dare. Dare ke jiransa."

Ya wuce kai tsaye gaban Verlene, ya ɗaga furanni, ya yi gyaran murya.

"Verlene Askew, yau a gaban waɗannan ƙananan ma'aikata, ni da na ratsa tekuna..."

Ya kai gwiwa ƙasa. Bayan kwat ya ce ɓarrr, tun daga wuya har ƙugu.

Kwamanda Hollowell ta ajiye gudumarta. Ta taso a hankali, ta zagaya shi sau ɗaya, ta kama hannun rigar ta juya bakinsa.

"Wannan ɗinkin da hannuna na yi shi. Bawan Allah, wannan rigata ce. Ranar Talata na kai ta shagonku, kai ka karɓa. Yanzu nake shirin zuwa in ɗauko, da ita zan yi rawar dare."

"Ranki ya daɗe, kaki ai duk kama suke..."

"Ina siket ɗina?"

Filin ya fashe. Tsoho mai sanda ya zame daga benci sai da aka tare shi. Cif na dukan tebur da guduma yana cewa, "Ya bar siket! Jama'a ku yaba masa, yana da kunya!" Wani saurayi daga can baya ya miƙe ya ce shi kuma wandon nan kamar nasa ne, na aurensa.

"Cire," in ji Kwamanda.

"A nan?"

"A nan ka sa ta a idona."

Aka zare kwat gida biyu, aka karɓe ɗamara. Mai wando ma ya ce ba zai bar nasa ya sake durƙusawa ba. Thurman ya rage daga shi sai singileti da 'ya'yan kankana da takalmi mai ɓawon fenti, har wata daga matan coci ta ji tausayin jama'a ta yafa masa mayafin tebur. Furannin dai na hannunsa, bai saki ba.

Verlene ta miƙe. Da ta miƙe aka yi shiru na gaske.

"Thurman, ka san me ya sa nake ƙara maka burodin masara?"

"Saboda... kin ga alamar shugabanci?"

"Saboda duk titin nan kai kaɗai ne namijin da ba shi da kaki. Na yi rabin rayuwata a bakin ruwan can ina jiran jirgi, ranar ƙarshe jirgin ya dawo babu mijina. Na rantse ba zan ƙara auren sojan ruwa ba. Na san labaranka ƙarya ne, na ce ba komai, surutu ba ya nutsewa a teku. Mai guga nake so, wanda zai rufe shago ya dawo gida."

Thurman ya yi tsalle ya miƙe, mayafin tebur na kaɗawa.

"To ai ni ne! Ban taɓa aikin soja ba! Ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba! Jama'a ku yi shaida, wa ya fi ni tsoron ruwa a garin nan? Kun gan ni da safe! Cif, faɗa mata!"

"Na shaida," in ji Cif, yana share hawaye. "Duk Norfolk babu kamarsa."

"Kin ji! Ko ruwan sama aka yi ba na fita!"

"Na ji," in ji Verlene. "Amma furannin safe na mijina ne da 'yan'uwansa, ka mai da su abin wasa. Kuma mutumin da ya sa kayan mutum huɗu a wuni ɗaya don ya ruɗe ni, in na aure shi me zai sa? Rigunana?"

"Siket dai ba ya sawa," in ji tsohuwa mai hula. "Wannan kam mun gani."

Cif ya gyara gashin baki, ya miƙe yana murmushi, ya miƙa wa Verlene hannu. "To, 'yar'uwa Verlene, tunda an share fili, rawar daren nan..."

"Alphonse, kunnenka ƙalau? Na ce sojan ruwa. Kai kuma na gaske ne, ka fi shi laifi. Kuma kai ka tura shi kan katakon can, ina kallonka."

Ta ɗauki jakarta da kwanon da ta kawo salak, ta fita ba ta waiwaya ba. Murmushin Cif ya tsaya a fuskarsa ya rasa inda zai je. Ya koma ya zauna a benci. Jama'a suka koma kan ƙaguwarsu, Kwamanda na gefe tana jujjuya rabin kwat tana faɗin abin da za ta gaya wa Misis Abellera ranar Litinin.

Thurman ya ja mayafin tebur ya rufe kafaɗa, ya zo ya zauna kusa da Cif. Can ya ajiye furannin a kan jarida, ya jawo ƙaguwa ɗaya daga gaban Cif, ya dafa masa kafaɗa ya yi ajiyar zuciya.

"Haƙuri za mu yi, Cif. Mu sojojin ruwa, haka mata suke mana."